Shirun Magariba a Ɗakin Habboba Ige

Tun da na dawo daga Sudan ban huta da tambaya ba. Wata ta tare ni a ƙofar ɗakin karatu, wata ta kira a waya ta ce in fara mata tun daga farko. Ni kuwa ba ni da saurin baki. In na fara sai in tsaya a kan ƙanshin wani shayi, kafin in kai ga abin da ya kai ni har mai tambayar ta gaji. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, kowacce ta karanta lokacin da ta samu sarari.

Kakata Inna Kulu tana da yaya mai suna Ige. Suna yara a garinmu, can yammacin Sakkwato, baffansu ya ɗauki Ige cikin ayarin masu tafiya Makka a ƙasa. Ayarin ya yada zango a yankin Jazira na Sudan don a nemi guzuri a gonakin auduga, zangon ya yi ta tsawo har ya zama ƙauye. A can Ige ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, ta ga jikoki, labari kuma ya yanke tsakaninta da gida. Sai bara wani ɗalibi ɗan unguwarmu da ya yi karatu a Madani, babban birnin yankin, ya haɗu da jikarta Sumayya, hira ta kai su ga sunan garinmu. Muka yi murna, muka ce sai a haɗa tsofaffin nan a waya. Ashe ƙauyen babu sabis, sai an fita nesa da gidaje an hau gaɓar wata babbar hanyar ruwa. Ana cikin shirin kai Ige gaɓar, sai mijinta ya rasu, ta shiga takaba. Inna Kulu kuwa ciwon zuciya ya kwantar da ita, likita ya daina yi mana dogon bayani.

"Ban son hoto, ban son saƙo," in ji Inna. "Muryatta nika so. Ta ce, in ce."

Ni aka zaɓa saboda ina hutun jami'a, kuma mace ce kawai za ta iya zama a ɗakin mai takaba. Kawu Lawwali, da ke zuwa Omdurman sarin turare, shi ya zama ɗan rakiyata.

Littattafai uku na tafi da su. Yaya Bashir, da ke bincike kan sadarwar wayar iska, ya ba ni wani ƙato na Turanci in kai wa Sumayya, don ya ji injiniyanci take karanta. Baba ya sa mini ƙaramin littafin tarihin garinmu, wanda wani tsohon hedimasta ya rubuta. Na uku nawa ne, kan wasan kwaikwayon Birtaniya na zamani, jarrabawa na jirana a kansa. Kawu ya ɗaga jakar ya ce ko dutsen niƙa na ɗauko wa dangin.

Daga Kano muka tashi. A filin jirgin Khartoum jami'in da ke duba kaya ya buɗe na Yaya Bashir, ya ga zanen turakun sadarwa da layuka masu lanƙwasa, sai ya ɗago ya dube ni da kyau. Ya tambayi aikina. Na tattaro Larabcin Islamiyya na amsa masa da cikakkun jimloli, sai dariya ta kama shi. Daga baya Kawu ya ce yadda na yi maganar kamar mai huɗuba. Jami'in ya buɗe na wasan kwaikwayon, ya tarar da hoton mutum biyu zaune a ɗaki, kowa na kallon gefensa. Ya ce me suke yi? Na ce shiru suke yi. Ya ce har kuɗin kallo ake biya? Na ce har layi ake yi. Ya girgiza kai, ya rufe jakar, ya yi mini barka da zuwa.

Mun sauka gidan abokin cinikin Kawu. Matarsa Hajja Nafisa ta fito mini da gadon igiya tsakar gida, domin a can lokacin zafi ba a kwana a ɗaki. Da safe aka ba ni shayi da madara da biskit biyu. Na zauna ina jiran karin kumallo, rana ta ɗaga, gidan kowa na harkarsa. Kunya ta hana ni tambaya, na fara tunanin ko an manta da ni. Sai da hantsi ya kusa zama azahar aka shigo da babban faranti, wake da man riɗi da cuku da burodi, aka ce ga karin kumallo. Mu a gida da an ga yaro bai karya ba har wannan lokaci sai a taɓa goshinsa. Na ci har Hajja Nafisa ta ce wa Kawu yarinyar nan ba a ba ta abinci a ƙasarsu.

Motar Hasahisa ta bi gefen kogi, amma barci ya hana ni ganin rabin hanyar. Abin da na riƙe shi ne tulunan ruwa da ake jerawa a bakin titi ƙarƙashin rumfa, da kofi ɗaure da igiya, kowa ya zo wucewa ya sha. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta yi ta cusa mini dabino a hannu, ba ta tambayi ko sunana ba.

A tashar Hasahisa Sumayya ta tare mu, doguwa, mai saurin tafiya. Hausarta rabi Larabci ce.

"Ya ukhti, kin iso? Yalla mu tahi, mota ba ta jiran kowa."

Muka hau bayan wata a-kori-kura da ke bin hanyar Managil, muka ratse cikin gonaki. Ƙasar a shimfiɗe take kamar tabarma, hanyoyin ruwa sun yanka ta ko'ina. Sumayya ta ce duk ruwan nan daga madatsar Makwar yake zuwa, kuma kowace gona da ranar shanta.

Kawu ya tsaya a ɗakin baƙi na maza, aka wuce da ni ciki. Habboba Ige, wato Kaka Ige, haka jikokinta ke kiranta, tana zaune kan tabarma cikin farin mayafi mara ado, mata sun kewaye ta. Idanun Inna Kulu ne a fuskarta sak. Na durƙusa na fara jero gaisuwa irin tamu, ina wuni, ya gajiya, ya ƙarin haƙuri, ya muka ji da rashi. Babu wadda ta amsa. Da na ɗago sai na ga duk matan sun ɗaga tafukan hannu suna jirana. Sumayya ta raɗa mini cewa a nan Fatiha ake fara yi tare kafin kowace kalma, sannan a dafa kafaɗa. Na rasa inda zan sa fuskata.

"Ku bar ta," in ji Habboba. "Gaisuwag gida ce. Ɗiyata, sake ta daga farko in ji."

Na sake. Ta amsa kowace ɗaya a hankali, da irin Hausar da ban taɓa ji ba sai a bakin Inna.

Da yammar nan tana ba ni labarin hanya, yadda jakinsu ya mutu a Wadai, sai ta yanke magana a tsakiya. Ta gyara mayafi, ta juya ta fuskanci bangon gabas. Na kira ta, ba ta waiwayo ba. Na fito ina neman abin da na faɗa ba daidai ba. Sumayya ce ta kwantar mini da hankali. Ta ce al'adar mai takaba ce a wurinsu: lokacin fitowar rana da lokacin faɗuwarta ba ta magana da kowa, ko jikanta ne ya faɗi a gabanta, sai duhu ya rufa ko rana ta ɗaga. Na ce mu a gida ba mu san wannan ba. Ta ce su ma a wurin maƙwabtansu Larabawa suka same shi, ya daɗe har ya zama nasu.

Washegari na fara gwada dabaruna. Na ce wa Habboba ta yi magana in ɗauka a waya, in kai gaɓar ruwa in tura, in dawo mata da amsa. Ta juya wayar a hannunta ta miƙo mini. Ta ce ita ba ta iya magana da abin da ba ya ce mata na'am ba. Kawu, daga bayan katanga, ya kawo tasa shawarar: a samo amalanke a lulluɓe, a kai ta gaɓar da rana tsaka, zai kawo malami ya tabbatar mata lalura ce. Ta ce ta gode, amma ƙafarta ba za ta taka waje ba sai ranar da aka ɗebe mata. Wannan ranar kuwa da sauran watanni.

Kwanakin da suka biyo baya na yi su ne a gefen tabarmarta. Surukarta na yin kisra, wata irin waina mai faɗi da laushi kamar takarda, a ci da miyar kuɓewa busasshiya. Ranar farko na yi ta yayyaga ta tana kufce mini, yara na dariya. Da hantsi a soya kofi a kasko, a daka a ɗan ƙaramin turmi, a dafa da citta a tulun yumɓu mai dogon wuya da suke kira jabana. Na ɗauko littafin Baba ina karanta mata. Hedimastan ya ba ayarinsu layi biyu kacal: ya ce sun nufi gabas, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Habboba ta yi dariya har da tari, ta ce in na koma in gaya wa malamin ga su nan suna shan kofi. Ta tambayi tsamiyar bakin kasuwa, na ce an sare. Ta tambayi rijiyar bayan masallaci, na ce tana nan amma an rufe ta da siminti. Sai ta tambayi turmin uwarsu. Wannan ban sani ba. Ta ce a kansa ita da Kulu suka koyi lugude, taɓarya biyu a turmi ɗaya, wannan ta sauka wannan ta tashi. Ta ce Kulu ba ta taɓa iya jira ba, kullum sai ta faɗo kafin lokacinta, su yi karo, uwarsu ta kore su duka.

Kowace la'asar ni da Sumayya mukan taka zuwa gaɓar ruwan. Wurin kasuwa ne ba kaya. Kowa ya ɗaga waya sama yana juyi, wanda ya samu sabis sai ya daskare a inda yake. Babu sirri. Wani dattijo na yi wa ɗansa da ke Saudiyya faɗa kan rashin aure, matan gefe na taya shi da kai. A nan na kira Yaya Bashir. Ya ce Inna ta rage cin abinci, kuma duk wanda ya shigo ɗakin sai ta tambaye shi ko an samu Ige. Sannan ya ce, "Ruƙayya, kada ki daɗe kina shawara."

Na dawo na kasa karatun jarrabawa. Don in kawar da tunani na ce wa Sumayya mu buɗe littafinta. Turancin ya yi mata nauyi, lissafin ya yi mini nauyi, sai muka raba aiki: ni in karanta in fassara, ita ta bi zanen da yatsa. Muka iso wani babi kan yadda saƙon waya ke tafiya a kan fili mai danshi. Marubutan suka ce idan ƙasa ta jiƙe, iskar da ke kanta ta huce alhali ta sama na da ɗumi, saƙon yakan bi tsakaninsu ya yi nisan da ba ya yi da rana. Sumayya ta ce in maimaita. Ta ce ai kamar ruwa ne a hanyarsa, gaɓa biyu na riƙe da shi. Sai ta tuna cewa wani lokaci saƙonni kan faɗo wa mutane cikin gida da sassafe ko da magariba, ana cewa sa'a ce. Ta miƙe ta leƙa waje. A makon nan aka sakar wa gonakin bayan gidansu ruwa.

Da rana ta yi ja muka tsaya a ƙofar ɗakin Habboba da waya a hannu. Muka jira. Sandar sabis ɗaya ta fito a fuskar wayar, ta ɓace, ta dawo da ta biyu. Sumayya ta matse mini hannu. Muka waiwaya don mu yi albishir, sai muka ga bayan Habboba, ta fuskanci bango. Da duhu ya rufa ta juyo, sandunan sun tafi. Da asuba muka sake gwadawa, haka aka yi: sabis ya zo da hudowar rana, ya tafi da ɗagawarta.

Na sami Habboba da hantsi na yi mata bayani. Na ce, cikin ladabi, malamai sun ce shirun nan al'ada ce kawai. Ta ce ta sani.

"Ɗiyata, maigidana tun ina yarinya yaka sauraren surutuna, bai taɓa cewa in yi shiru ba. Wanga ɗan lokaci nashi ne. Ban ɗauke mishi."

Na koma inuwa na buɗe littafina, ba don ina sa ran komai ba. Babin da zan yi jarrabawa a kansa kan shiru yake. Marubucin yana bayanin wasannin da ake barin mutum biyu a dandali ba mai cewa uffan, 'yan kallo kuma su fita sun san abin da ya wuce tsakaninsu, saboda motsin kofi ko jan kujera. A aji na ɗauki abin a matsayin wayon Turawa. A inuwar nan na karanta shi sau biyu. Na koma na ce wa Habboba da magariba zan ajiye waya a gefenta, ba sai ta ce komai ba. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce in ajiye.

Na je gaɓa na shirya da Yaya Bashir, na roƙe shi ya fahimtar da Inna cewa ji kawai za a yi. Lokacin da rana ke faɗuwa a Jazira, a Sakkwato la'asar ce sakaliya. Surukar Habboba ta gama kofin yamma, kayan na gefe ba a kwashe ba. Habboba ta juya ga bango. Sandunan suka fito, wayar ta yi ƙara, na buɗe murya na ajiye ta kan tabarma.

"Ige?" Muryar Inna ta fito siririya. "Ige, ni ce Kulu."

Kafaɗun Habboba suka motsa. Inna ta yi ta magana, ta ce babansu ya rasu, uwarsu ta rasu, an sare tsamiya, ita ma ga ta kwance. Ta tsaya tana jira. Babu abin da ke tashi a ɗakin sai kukan kwaɗi daga gonaki. Na ji Yaya yana tuna mata abin da ya gaya mata, amma ba ta saurare shi ba.

"Bashiru, ba kowa nan. Ruɗi na kuka yi don in ci tuwo. In ta mutu ku hwaɗa mini."

Na buɗe baki zan yi rantsuwa, sai na ga hannun Habboba ya fito daga mayafi yana lalube. Ya wuce wayar, ya kai kan ɗan turmin kofi. Ta jawo shi gabanta, fuskarta na bango. Ta ɗaga 'yar taɓaryar ta buga sau ɗaya. Ta bar fili. Ta sake bugawa, ta bar fili, daidai wanda taɓarya ta biyu za ta shiga.

Can ɓangaren aka yi tsit. Na duba sandunan, suna nan. Sai na ji Inna ta ce a miƙo mata cokali. Ƙarfen gadonta ya amsa, ƙwal, cikin filin da aka bar mata. Turmi ya sauka, ƙarfe ya tashi. Da farko suna tuntuɓe, sannan suka daidaita, suka fara sauri, har da wani ɗan juyi da Habboba ke yi da gindin taɓarya, Inna na mayar mata. Matan gidan suka taru a ƙofa. Sumayya na kuka tana murmushi. Sau biyu cokalin ya faɗo kafin lokacinsa suka yi karo, na ji wata 'yar dariya mai haɗe da tari daga Sakkwato.

Ban san tsawon lokacin da suka ɗauka ba. Duhu ya shigo, sandunan suka ragu, kiran ya yanke ana tsakiyar bugu. Habboba ta ƙara bugu ɗaya ita kaɗai, ta ajiye taɓaryar. Da lokacinta ya cika ta juyo, ta share fuska da gefen mayafi.

"Har yau gaggawa gare ta," ta ce.

Mun sake yi a sauran maraicen da gonakin ke jiƙe. Da ƙasa ta bushe sabis ya koma gaɓa, Kawu kuma ya gama sarinsa. Na bar wa Sumayya littafin Yaya kamar yadda aka aiko ni, na bar wa Habboba na tarihin, don ta ce tana son a riƙa karanta mata layin nan biyu in ranta ya ɓaci. Ta ba ni ɗanyen kofi da citta in kai wa ƙanwarta, ko da likita zai hana.

Na tarar da Inna ta rame fiye da yadda na bar ta, amma an ce tana shan kunu. Na zauna bakin gadon na ba ta labarin farin mayafi da jabana da idanun da suka yi kama da nata. Ta ce yayarta tun suna yara sanyin hannu gare ta, mutum ya yi ta jira taɓarya ba ta sauko ba. Na ce mata Sumayya ta yi alkawari, ranar da aka fita takaba za ta kai Habboba gaɓar ruwa su yi magana baki da baki, ta daure ta jira.

Inna ta laluba ƙarƙashin matashinta ta taɓa cokalin, yana nan inda ta ɓoye shi.

"In Allah ya kai mu, to," ta ce. "Amma ni na riga na ji ta."